Mun Karɓe Sunan Dutse, Mun Kori Masu Dutse

Jiya na dawo daga sallar azahar ke nan, ko takalmi ban gama cirewa ba, sai ƙasa ta amsa. Dummm! Tagogi suka yi kakkarwa, kwanukan da ke kan kanta suka kaɗu, wata 'yar ƙasa ta zubo daga silin ta faɗa cikin kofin ruwan da na ajiye. Kafin minti biyar farar ƙura ta taso daga bayan unguwa ta lulluɓe shanyar da uwargida ta yi tun safe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙaramar 'yata da ke wasa a tsakar gida ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta saba. Yarinya 'yar shekara biyar ta saba da ƙarar nakiya kamar yadda mu muka taso muka saba da carar zakara.

Kai da ke zaune a Mpape, ko Dutsen Alhaji, ko wajajen Kubwa da Bwari, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ka san tsagar da ke bangon ɗakinka, ka san tarin da yaranka ke yi da daddare, ka san yadda tifa ke taho maka a guje ɗauke da tsakuwa ba ko rufi, kai ne za ka kauce ko ka mutu. Sau uku ina zuwa ƙofar kamfanin da ke fasa dutsen bayan gidana, kowane zuwa mai gadi ya ce manaja ba ya nan. To, bango dai siminti ne, in Allah ya hore a yi masa faci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ya hana ni barci har na ɗauki alƙalami, shi ne dutsen kansa. Shi wa zai yi masa faci?

Akwai wani dattijo maƙwabcina, ɗan ƙabilar Gbagyi, wanda na tarar a unguwar nan, kuma shi ma iyayensa da kakanninsa a nan ya tarar da kaburburansu. Shekarun baya, wata ranar Asabar da yamma, ya ce mini, "Malam, taso in nuna maka gidanmu na farko." Muka hau dutsen nan a hankali, yana dogara sanda yana hutawa. Da muka kai wani shimfiɗaɗɗen fa a can sama, sai ya tsuguna ya share busasshen ganye da tafin hannunsa. Sai ga wasu ramuka dogaye a jikin dutsen, sumul-sumul kamar an shafa musu mai, a jere, sun kai goma. Ya sa hannunsa cikin ɗaya ya ce, "Kakar babana a nan take niƙa dawa." Na sa nawa hannun. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Shekara nawa mace za ta yi tana durƙuso tana goga dutse a kan dutse kafin fa ya lotsa haka? Mata nawa suka gāji juna a ramin nan? Ya nuna mini zagayen duwatsu inda rumbu ya taɓa tsayawa, da tsingaro birjik a ƙasa, da ragowar wata katangar duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, wadda ya ce bayanta suke ɓuya in mahara sun zo kamun bayi. Ya nuna mini wani lungu kuma ya ce can ba a shiga, iyayensa ma ba sa shiga sai da dalili. Ban tambaye shi dalilin ba, shi ma bai faɗa ba.

Wannan gefen dutsen yanzu babu shi. An cinye shi. Rami ne wawakeke, fari ƙal, da katafila a ciki. Ranar da na je yi masa jaje, don ban san me zan kira abin ba in ba jaje ba, na ce, "Baba, sai haƙuri." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Dutsen niƙan ma an niƙe shi." Babu wanda ya zo ya ɗauki hoton wurin kafin a sa masa nakiya. Babu wanda ya auna, babu wanda ya rubuta, babu wanda ya tambayi dattijon nan ko da sunan wurin. Tarihin mutane na ɗaruruwan shekaru an loda shi a tifa, an je an zuba shi a harsashin gidan wani wanda ko sunan Gbagyi bai iya faɗa daidai ba.

Kalmar Mpape ɗin ma, a bakin masu harshen, dutse take nufi. Garin dutse ake cinyewa da nakiya. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi ta motsi a Mpape da Maitama har mutane suka riƙa kwana a waje, gwamnati ta fito ta ce an dakatar da fasa duwatsu a yankin. Muka ce alhamdu lillahi. Da hankali ya kwanta, sai ƙarar ta dawo. A Satumban 2024 ƙasa ta sake motsi a Mpape. Amma ka lura, abin bai zama labari ba sai da girgizar ta taɓa Maitama, unguwar manya. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba.

Yanzu dubi munafuncin. Birnin nan kaf da sunan dutse yake tinƙaho. Ka buɗe rediyo da safe, za ka ji "fadar Aso Rock ta ce", "fadar Aso Rock ta musanta". Duk ɗan siyasar ƙasar nan mafarkinsa ke nan, ya kwana a gindin Dutsen Aso. Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa duk a inuwarsa aka jera su. To Aso kalmar wa ce? Ta Gbagyi ce, ma'anarta nasara, Asokoro kuma mutanen nasara. Mutane ne suka raɗa wa dutsen nan suna, suka zauna a gindinsa, suka girmama shi, suka binne matattunsu a kewayensa tun kafin a san za a yi wata ƙasa wai ita Nijeriya. Ina suke yau? Jikan mai wurin ya doshi gindin dutsen ta ɓangaren fada ya ce ya zo ganin kufan kakanninsa, ka ga ko zai wuce shingen farko. An riƙe sunan, an sallami masu sunan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun daga tushe aka gina abin a kan rashin gaskiya. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar wurin, Janar Murtala Muhammad ya yi shelar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairun 1976, kwana goma kafin a kashe shi, Allah ya jiƙansa. Aka gabatar wa 'yan ƙasa wurin a matsayin fili wanda ba ya hannun ɗaya daga cikin manyan ƙabilu, kamar dai daji ne da ba kowa. Ba ya hannun manyan ƙabilu, gaskiya ne. Amma ƙananan fa, su ba mutane ba ne? Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da sauransu, a ɗaruruwan ƙauyuka, kowane ƙauye da dutsensa da kurminsa da rafinsa. Aka yi alkawarin za a kwashe kowa a sake masa matsuguni da diyya, da aka ga yawan mutanen da yawan kuɗin sai aka janye. Wasu aka tura su Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu aka kai su Kubwa, sauran aka bar su a inda suke suna jiran ranar da katafila za ta zo. Har yau suna jira. Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya dawo da gwamnati daga Legas, aka yi biki. Sai a 2023, shekara 47 bayan shelar Murtala, aka fara naɗa ɗan asalin yankin minista, wato Zephaniah Jisalo. Ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha. Mutumin da ba shi da iko da gonarsa, ta ina zai kare dutsen kakanninsa?

Kuma ko da an biya diyya, ni ina so a faɗa mini, nawa ne farashin wurin da aka binne mahaifinka? Ma'aikaci ya zo da takarda ya ƙirga bishiyar mangwaro, ya ƙirga ɗakuna, ya rubuta. A wane layi na takardar ake rubuta dutsen da duk garin ke fuskanta in an shiga tsanani?

Ka zaga Maitama ka karanta allunan tituna. Mississippi, Danube, Amazon, Thames. Kogunan duniya duk mun kwaso mun liƙa a kan ƙasar mutane. Ɗana da ke firamare ya san Mississippi a Amurka yake, amma tudun da yake gani kullum ta tagar ajinsu bai san sunansa ba, malaminsa ma bai sani ba, ni ma da ba don dattijon nan ba da ban sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ballantana rashin sanin da aka koyar da gangan.

Sai Dutsen Zuma. Ka ciro tsohuwar takardar naira ɗari daga aljihunka, wadda aka fitar a 1999 mai hoton Awolowo, ka juya bayanta. Ga shi nan. Muna kiransa ƙofar Abuja alhali a Jihar Neja yake, kusa da Madalla. Mun sa sunansa a barikin soja, a bikin fina-finai, a otal-otal, a shagunan sayar da kaya. Kowa ya taho daga Kaduna ko Kano ya hango shi, ya san ya iso. To tsaya a tashar Zuba ka tambayi mutum goma labarin dutsen, ka ji abin da za ka ji. Aljanu. Wannan ya ce fuskar da ke jikinsa ta sarkin aljanu ce, wancan ya ce wuta na kamawa a kansa in ana ruwan sama, wani ya ce duk wanda ya shiga dajin gindinsa ba ya dawowa. Na taɓa shiga motar haya daga Suleja, muna isa saitin dutsen direba ya rage sautin rediyo, wata baiwar Allah a baya ta hau salati, ɗan da ke cinyarta ya nuna dutsen da yatsa ta buge masa hannu ta ce, "Kul! Ba a nunawa." Mun wuce da 'yan mitoci, wani fasinja ya sauke gilashi ya wurga ledar ruwa da ɓawon ayaba. Tsoro muna da shi, ladabi ne babu.

Ni ban raina tatsuniya ba. Tatsuniya ita ce rumbun da talaka ke ajiye abin da ya sani game da ƙasarsa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda muka zubar da ainihin labarin muka riƙe ƙaiƙayinsa, alhali labarin a rubuce yake, kuma namu ne suka rubuta shi da Hausa. Mutane nawa ne a cikinmu suka san cewa sunan Abuja ɗin ma aro ne? Lokacin da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya sauka wajen Koro na Zuba. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa, Abuja. Shi ne garin da ya ba da sunansa ga babban birni, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Malamai biyu na garin, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka zauna suka rubuta tarihi da al'adun ƙasarsu, aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. A ciki sun ba da labarin wani ƙauyen Koro a kurmin da ke gindin Zuma, waɗanda su ne masu kula da dutsen, da yadda a zamanin da sarki kan aika musu da baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare a farkon damina. Sun kuma ba da labarin yadda a 1940 Sulaimanu Barau, tun bai hau gadon sarauta ba, ya tafi da Di'o da Sarkin Zuba har ƙauyen don su gane wa idonsu abin da ake ta jita-jita a kai, suka tarar da mutane ne kamar kowa, aka karɓe su, suka dawo lafiya. Gani ya kori ji.

Ka ga mutanen da? Malamai ne, Musulmi ne, amma ba su ji tsoron rubuta abin da suka tarar ba, ba su ce wannan kayan arna ne a binne shi ba. Sun taka da ƙafarsu, sun tambaya, sun rubuta. Shekara tamanin da wani abu bayan haka, mu masu digiri da wayar hannu mun koma baya, muna buge hannun yaro don ya nuna dutse. Ka shiga kantin littattafai a Abuja ka nemi littafin nan da Hausa, in ka samu ka aiko mini.

Akwai wani farin kangon otal da ya daɗe a tsaye kusa da dutsen, shekara da shekaru ba a ƙarasa shi ba, kowa ka tambaya sai ya ce aljanun Zuma ne suka hana. Haba jama'a! To Hasumiyar Millennium da ke tsakiyar Abuja, wadda aka fara a 2006, wadda aka ce a harabarta za a yi cibiyar al'adu da gidan tarihi, wane dutse ne ya hana ta? Hedkwatar ɗakin karatu na ƙasa da aka fara a 2006 ɗin, shekara da shekaru tana shan ruwa da rana, ita kuma fa? Mutane ne suke yin wannan, masu suna da ofis da mota. Mun mayar da aljanu bolar da muke zuba laifin shugabanninmu. Babban birnin ƙasa mai mutum sama da miliyan ɗari biyu, gidan tarihin da aka yi masa alkawari yana nan kango, amma tsakuwar da aka fasa daga wuraren tarihi na gaske ita ce a cikin ginshiƙan kangon.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini a majalisa bayan la'asar: "Malam, kai kuma me ya haɗa ka da duwatsun tsafi? Wannan ai hanyar shirka ce." To saurara. Ni Musulmi ne, ban taɓa roƙon dutse ba, ba zan taɓa ba, kuma ban ce a koma aika baƙin sa ba. Dattijon da ya hau da ni dutsen nan ma ba bautar dutse yake yi ba, yawancin Gbagyi a yau Musulmi ne ko Kirista. Sanin abu daban, bauta masa daban. Alhazanmu nawa ne suke zuwa Uhudu, suke hawa Jabalun Nur da haki da gumi, su dawo da hoto suna nuna wa jikoki suna ba su tarihi? Saudiyya da kanta ta sa kufan Mada'in Salih a jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, tana gadinsa. Senegal da Gambiya, ƙasashen da kusan kowa Musulmi ne, suna da da'irorin duwatsu da mutanen da suka kafa a kan kaburbura, an sa su a wannan jerin a 2006, an kewaye su, an sa masu yi wa baƙi bayani. Imaninsu bai ragu ba. Mu ne kaɗai imaninmu ke da rauni har ramin niƙan wata tsohuwa zai karya shi? Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mai fasa dutsen nan ba don tauhidi yake fasa shi ba. Don kuɗin tifa yake yi. Manyan da ke ɗaga hanci in an ambaci al'adun mutanen ƙauye kuwa, kowa ya san ƙofar da wasunsu ke ƙwanƙwasawa da tsakar dare in zaɓe ya matso.

Mu Hausawa kuma kada mu yi saurin wanke hannu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ne muka mayar da sunan mutanen nan abin zolaya. In mutum bai iya abu ba mu ce bagware ne, in magana ba ta fita ba mu ce gwaranci. Muna zaune a ƙasarsu, muna cin doyarsu, muna sayen icen da matansu ke ɗaukowa a kafaɗa tun daga bayan duwatsu, don su a al'adarsu kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya, sannan mu bi su da dariya. Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin, wadda tukwanenta suka zaga Ingila da Amurka, 'yar wace ƙabila ce? Naira ashirin tasu, naira ɗari dutsen ƙasarsu da ta Koro. Hotonsu na cikin aljihun kowa, amma muryarsu ba ta kai kunnen kowa ba.

Kuma ai ba su kaɗai muka yi wa ba. Wanda bai riƙe na gidansu ba, ta yaya zai riƙe na maƙwabci? Je ka Dala. Dutsen da Kano ta tsiro daga gindinsa, inda Barbushe ya zauna, inda aka yi Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda. Dutsen da ya shiga bakinmu har muke cewa hangen Dala ba shiga birni ba. Je ka ga yadda gidaje suka shaƙe shi, yadda zaizaya ke cin gefensa, yadda bola da ƙazanta suka mamaye wasu lungunansa. Ganuwar Kano muna ji muna gani aka yanka ta filoti-filoti. Kufena na nan a Zariya, Kwatarkwashi na nan a Zamfara, zanen shanun da mutanen da suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu na nan, kaburburan Durɓi Takusheyi na nan a ƙasar Katsina. Ɗalibai nawa aka taɓa lodawa a mota aka kai su? A nan kudu maso gabas da Abuja akwai Taruga, inda Bernard Fagg ya haƙo wuraren narka tama a shekarun 1960, masu shekara sama da dubu biyu, tare da gumakan yumɓu irin na Nok. Jami'o'in duniya suna koyar da sunan Taruga. A Abuja ka ambace shi, sai a ce maka wace unguwa ce. Ƙasa mai girman Nijeriya wuri biyu tak take da shi a jerin UNESCO, Sukur a Adamawa tun 1999 da kurmin Osun a Osogbo tun 2005. Shekara ashirin ba ƙari. Muna da Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa tun 1979, hedkwatarta a cikin Abujar nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda ake tayar da nakiyar.

A Ostireliya akwai wani dutse, Uluru, wanda masu yawon buɗe ido suka yi shekaru suna hawa, 'yan asalin wurin suna roƙon a daina don wuri ne mai alfarma a wajensu. A 1985 aka mayar musu da mallakar ƙasar, a watan Oktoban 2019 aka haramta hawansa gaba ɗaya. Ba wanda ya ce sai Bature ya yarda da abin da suka yarda da shi. Cewa aka yi wurin na da masu shi, a saurare su. Mu namu masu wurin ko hawa ba su hana kowa ba, cewa kawai suke yi kada a tarwatsa.

Kada wani ya ce ina adawa da gini. Gidan da nake ciki da tsakuwa aka gina shi, kuma na san matan da ke zaune a rana da guduma suna farfasa dutse don su ciyar da marayu, ba da su nake ba. Birni na bukatar dutse, Allah kuma ya hore wa yankin nan duwatsu ba iyaka. Amma don kana da shanu da yawa ba ka yanka wadda ke ba gida nono. Me zai hana, kafin a ba kowane kamfani lasisi, a tura masana su hau dutsen tare da dattawan wurin, a duba, a auna, a ɗauki hoto, in akwai kufai ko maƙabarta a ce wannan ba a taɓa shi, je ka wancan? Nawa wannan zai ci? Bai kai kuɗin mota ɗaya daga cikin jerin gwanon da ke rufe mana hanya kullum ba. A fitar da sunayen duwatsun da aka haramta fasawa, a buga a jarida kowa ya gani. A kafa allo a gindin duwatsun Zuma da Katampe da Ushafa, a rubuta sunan wurin da tarihinsa da Gbagyi da Koro da Hausa da Turanci, a ɗauki 'ya'yan wurin su riƙa yi wa baƙi bayani a biya su. Masarautar Suleja da jami'o'inmu su sake buga littafin Malam Hassan da Malam Shu'aibu da Hausa, a kai shi makarantu. Sannan abin da ya fi komai gaggawa, a bi dattawan nan da na'urar ɗaukar magana tun suna da rai. Maƙwabcina ya haura tamanin, idonsa ya fara rauni, kuma jikokinsa Hausa da Turancin buroka suke yi.

Ranka ya daɗe Ministan Babban Birnin Tarayya, da shugabannin ƙananan hukumomi shida, da sarakunanmu na Bwari da Zuba da Suleja, wannan magana taku ce. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, kada ka jira su. In akwai tsoho ɗan asalin wuri a unguwarku, je ka gaishe shi a ƙarshen makon nan, ka tafi da ɗanka, ka tambaye shi sunan tudun da ke bayan gidanka da abin da ya sani a kansa, ka rubuta a takarda ka adana. Ka hanzarta. A bayan gidana, gobe bayan azahar za su sake tayar da nakiya.